Zuhal da Sunan Inna

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina sayar da shayi a Agege, bakin layin dogo, daidai inda masu burodi ke sauke kaya da sassafe. Teburina dogo ne, da benci hagu da dama, da rumfar kwano da ke yoyo ta gefe ɗaya idan damina ta kama. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo na tsaya a hanya, na shiga firamare ban gama ba. Abin da na iya bayan haɗa shayi shi ne hisabi, shi ma rabinsa na iya.

Wani tsoho ne ya koya mini, mutumin Damagaram, yana kasa turare da carbi kusa da teburina. Idan ciniki ya lafa da hantsi sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da yatsa. Ya ce kowane harafi yana da nauyinsa na lissafi. Sai ka haɗa nauyin sunan mutum da na sunan wadda ta haife shi, ka yi ta zubar da goma sha biyu, abin da ya rage a hannunka shi ne burujinsa. Burujai goma sha biyu ne, kamar ɗakuna a jere, taurari suna shiga suna fita. Wata yakan ratsa su duka kafin a ga sabonsa. Zuhal kuwa shi ne mafi nawa a cikinsu. Yakan yi shekara biyu da rabi a ɗaki ɗaya, wani lokacin ma ya ja da baya kamar ya manta wani abu. Tsohon ya ce tauraron nauyi ne da jinkiri, kuma duk ɗakin da ya shiga sai kowa ya ji a jikinsa, amma kowa da inda zai ji.

Ya taɓa nuna mini shi a sama bayan sallar asuba. Na ce na gani. Gaskiya ban gani ba. Sararin Legas cike yake da hayaƙi da hasken fitilu, ban iya raba wannan tauraro da wancan ba, kuma na ji kunyar faɗa.

Abu ɗaya ya fi nanata mini. Ya ce kada in taɓa ce wa mutum ya faɗi sunan uwarsa da wannan kalmar, domin Bahaushe yana jin "uwarka" zai ɗauka zagi ne. In ce masa, sunan wadda ta haife ka. Ya ce maganar tana da tsawo, amma haka zan riƙa faɗinta. Ni kuwa na ga tsawon ya yi yawa ga mutumin da ke zuba shayi da hannu ɗaya yana yanka burodi da ɗaya. Sai na taƙaita, na koma cewa "sunan innarka". Yana da daɗin ji, ba ya ɓata wa kowa rai. Tsohon bai ji ni ina faɗin haka ba, domin ban fara duba wa kowa ba sai da ya tattara kayansa ya koma gida. Kafin ya tafi ya gaya mini Zuhal na gab da barin Saur ya shiga Jauza, ya kuma bi mini ɗakunan ɗaya bayan ɗaya har na haddace.

Lokacin kowa yana neman wanda zai gaya masa gobe. Mulki ya dawo hannun farar hula, ana ta cewa abubuwa za su gyaru, amma a unguwanninmu hankali ba a kwance yake ba. An yi rigingimu a wasu kasuwanni, mutanenmu sun rasa kaya, wasu sun rasa rai. Wanda ya zo ci-rani bai san ko ya zauna ko ya koma ba. Wanda ya daɗe bai san ko ya tura iyali gida ba. Irin waɗannan ne ke zama a bencina.

Akwai wani direban danfo, ƙaramar motar haya ta Legas, Bayarabe haifaffen Agege, Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. Shi ne ya jawo maganar taurari teburina. Yakan zo da jarida ya karanta wa kansa abin da aka rubuta game da burujinsa, sannan ya ce mu ba mu da rabo a ciki, domin sai da ranar haihuwa ake dubawa, mu kuwa in an tambaye mu sai mu ce an haife mu da kaka, shekarar da fari suka zo. Aka yi dariya. Na ce masa namu hisabin ba ya buƙatar ranar haihuwa, suna kawai yake so. Ya ce in gwada. Na gwada a kansa, na faɗi wasu abubuwa, ya ce biyu sun yi daidai. Daga ranar na zama Malam.

Ban yanka wa kowa farashi ba. Amma mai goro yakan bar mini goro, mahauci ya kawo hanta, kuma benci ba ya rabuwa da mutane. Na fi son wannan da komai. Mutumin da ake kira "mai shayi" an koma gaishe shi da rusunawa.

Da na sanar cewa Zuhal ya shiga Jauza, sai na riƙa bin burujan da safe, ina zuba shayi ina magana. Masu Jauza na ce musu baƙon ya sauka a tsakar ɗakinsu, jiki zai yi nauyi, abin da ake gamawa a yini zai ci mako. Masu Saur na yi musu barka da fitarsa, amma na ce bai yi nisa ba, ya zauna a bakin aljihunsu. Mai Hamal zai ga sanyi daga 'yan'uwa da maƙwabta. Mai Saratan ya kiyayi maƙiyin da bai sani ba, kada kuma ya tsaya kallo inda ake kame. Mai Asad abokansa za su ragu. Mai Sumbula oga zai matsa masa a wurin aiki, in ya daure zai samu matsayi. Kaus na aure ne da abokin ciniki, a nan ne aka fi dariya, domin duk wanda na ce masa Kaus sai a fara tambayarsa yaushe rabon da ya aika wa matarsa saƙo. Jadi ciwo ne, baya da gwiwa, kuma da yake rabin masu shan shayina 'yan dako ne, wannan bai taɓa saɓawa ba. Dalwu damuwar 'ya'ya. Idan na zo kan Akrab sai in rage murya in ce a yawaita sadaka, ba na faɗin cewa ɗakin gado ne da mutuwa. Mai Mizan Zuhal ya tsaya masa a ɗakin doguwar tafiya, ya zauna inda yake. Mai Hut kuwa ya tsaya masa a ɗakin gida da iyaye, ya kula da tsofaffinsa, in suna nesa ya je ya gan su.

Yanzu da nake rubutawa ina ganin babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba zai dace da kowane ɗan ci-rani a Legas ba. A lokacin ban ga haka ba, ko kuma na gani na kawar da kai.

Cikin masu zuwa akwai wani Bagobiri da ke aikin fiɗa a kwata. Zai yi shekara talatin da wani abu, ga zane a kumatu, ba ya yawan magana. Yakan zo bayan an gama yankan safe, ya wanke hannu a butata, ya sha shayi ba madara. Harshensa na gida bai canja ba, lafiya a bakinsa lahiya ce, tafiya tahiya. Direban danfon ba ya barinsa ya zauna lafiya, da yake Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne. Yana ganinsa zai ce bawansa ya iso, a zuba masa shayi a rubuta a kan ubangidansa. Bagobirin yakan ce Bayaraben da ya sha manja har ya hau masa ido ba shi da bakin magana. Iyakar hirarsa ke nan.

Wata safiya ya jira mutane sun ragu, ya matso kusa da tukunya. Ya ce wani direban tirela ɗan garinsu, mai kawo shanu kwata, ya zo masa da saƙo.

"Malam, an aiko Yaya ba ta lahiya. Sun ce in zo. A duba min hanya."

Na tambaye shi sunansa na yanka, ya faɗa. Na ce, "Sunan innarka?" Ya faɗa ba tare da ya yi jim ba. Na tsoma yatsa a ruwan da ya zube a tebur na yi lissafi. Mizan ya fito.

Na gaya masa Zuhal yana ɗakin doguwar tafiyarsa, hanya ba tasa ba ce yanzu. Ya tambaya ko zuwa yaushe. Na ce Zuhal ba ya sauri. Na ƙara da cewa yayarsa tana da miji da 'ya'ya da za su kula da ita, ya aika da abin da ya samu, ya yi mata addu'a daga nan. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai direban danfon ya dawo neman makullinsa da ya bari a benci, yana tsokanarsa, maganar ta wuce.

Ba ni kaɗai na tsorata shi ba. Hanyar arewa a lokacin tana da nata labarai, na 'yan fashi da na tare motoci idan rigima ta tashi a wani gari. Amma mutane suna bi kullum, direban tirelar ma yana zuwa yana komawa. Abin da Bagobirin ya rasa shi ne wanda zai ce masa tafi. Ni na ce masa zauna.

Ya zauna. Damina ta shiga, rumfata ta ci gaba da yoyo. Saƙo ya sake zuwa, cewa jikin ya matsa, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya fita tsakar gida. Ya sake matsowa kusa da tukunya ya tambaya ko tauraron ya gusa. Na ce bai gusa ba, irinsa ma baya yake ja. Na faɗi haka ina tankaɗa shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce. Na tuna wannan sosai, domin ban ko ɗaga kai na dube shi ba. Ya aika da atamfa da magani ta hannun direban tirelar. Ya ci gaba da kawo mini hanta.

Labarin rasuwar ya zo bayan ruwa ya ɗauke. Da safe Bagobirin ya zo tare da direban tirelar, dattijo ne mai furfura a gemu, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Suka zauna a ƙarshen benci. Mutane suka yi ta yi wa Bagobirin gaisuwa. Direban danfon ya cire hularsa, ya zauna kusa da shi, ranar bai kira shi bawa ba. Ni ma na ajiye ludayi na zo na yi tawa.

Na ce, "Allah ya jiƙanta. Allah ya ba Inna haƙurin rashin 'ya."

Dattijon ya ɗago ya dube ni.

"Wace 'ya? Ai ƙanwar Inna ce ta rasu. Mahaifiyarsa."

Bagobirin yana kallon kofinsa. Dattijon ne ya yi bayani, ba don ni ba, don mutanen da ke wurin. Ya ce Bagobirin ɗan fari ne. Da aka yaye shi sai yayar mahaifiyarsa ta ɗauke shi, da yake ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A ɗakinta ya girma, ita yake kira Inna. Mahaifiyar kuwa ya taso ya ji ƙannenta suna ce mata Yaya, shi ma ya bi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi a gaban mutane ba, kamar yadda ake yi da ɗan fari. In ya je gida ganin gida, ta bayan ƙyaure take amsa gaisuwarsa, sai dai ya tarar an aiko masa da tuwon da ya fi na kowa man shanu.

Ya ce a kwanakinta na ƙarshe ta daina wannan kunyar. Ta riƙa kiran sunansa sosai, sunan yanka, tana tambaya ko motar Legas ta iso. Matan da ke ɗakin har sunkuyar da kai suke yi.

Babu wani abu a cikin wannan da yake baƙo a wurina. A garinmu ma haka ake yi. Yayana na fari a ɗakin kakarmu ya tashi, kuma har ya yi aure bai ce wa mahaifiyarmu Inna ba. Tambaya ɗaya ce da na yi da ta warware komai, ban yi ba, domin na saba in ba da amsa kafin shayi ya huce.

Da Bagobirin ya tashi ya je wanke fuska, na tambayi dattijon sunan marigayiyar a hankali. Ya faɗa mini, ya ɗauka addu'a zan yi mata. Bayan sun tafi na tsoma yatsa a ruwa na haɗa sunan da nasa. Hut ya fito. Na goge na sake. Hut ne, ɗakin gida da iyaye, wanda nake gaya wa masu shi su je su ga tsofaffinsu.

Ba ina cewa hisabin gaskiya ne ni na ɓata shi ba. Daga baya na zauna da malamai na ji hukuncin abin da nake yi, na kuma tuba. Abin da nake faɗa shi ne ko a cikin abin da na ce na iya, ban yi shi yadda aka koya mini ba.

Ban gaya masa ba a ranar, ban gaya masa washegari ba. Ya ci gaba da zuwa kwata, yana zuwa shan shayi. Na ɗauka zai tafi gaisuwa da kansa, tunda abin da ake tsoro ya riga ya faru. Bai tafi ba. Mutane suka ci gaba da tambayata burujinsu, ina cewa kaina na ciwo.

Sai wata safiya ya sake jira aka ragu, ya matso inda ya saba.

"Malam, za a yi addu'ar arba'in. Inna ta aiko. In tahi?"

Sai a lokacin na gane har yanzu maganata ce ke riƙe da shi. Na sauke tukunya daga wuta, na zagayo na zauna kusa da shi. Na gaya masa yadda lissafin yake, cewa da sunan wadda ta haifi mutum ake yi, ba wadda ta raine shi ba. Na ce sunan da na yi aiki da shi ba shi ne ba, Mizan ɗin da na ba shi ba nasa ba ne. Na ce laifin nawa ne.

Jirgin kaya ya wuce, muka jira ƙararsa ta lafa.

"Kai ka ce Inna," ya ce.

"Ni na ce."

"Da ka ce wadda ta haihe ni, ba ni iya kiran sunanta cikin mutane. Amma da na ja ka gehe."

Bai ɗaga murya ba. Ya shanye sauran shayinsa, ya ajiye kofin a kife kamar yadda yake yi kullum. Na zaci tashi zai yi. Sai ya ce, to yanzu da sunan gaskiya, me ya fito?

Na ce ya bar maganar tauraro, ya tafi kawai. Na gaya masa ban taɓa ganin Zuhal da idona ba, ban san inda yake ba, abin da wani tsoho ya gaya mini ne nake maimaitawa. Ya saurara har na gama. Sannan ya sake tambaya, me ya fito. Na dubi fuskarsa na ga in ban ba shi buruji ba zai koma kwata ya ci gaba da fiɗa, arba'in ɗin ma ta wuce shi.

Na ce, "Hut ne. Ɗakin iyaye. Hanya a buɗe take."

Ya ce, "To."

Wannan ne duba na ƙarshe da na yi wa wani. Na faɗa ne bayan na riga na daina yarda da shi, kuma har yau ban san ko in sa shi cikin laifuffukana ko in cire shi ba. Na tambayi wani malami, ya ce ƙarya ƙarya ce, in nemi gafara. Na nema.

Bagobirin ya bi tirelar dattijon da ta sauke shanu za ta koma wayam. Direban danfon ne ya kai shi kwata da jakarsa, ya ƙi karɓar kuɗin mota, ya ce ba a karɓar kuɗi a hannun bawa.

Benci ya ragu bayan na daina. Masu goro suka daina barin goro, aka koma kirana mai shayi, in ban da direban danfon da ya riƙe Malam don tsokana. Yakan leƙo da safe ya tambaya ina Zuhal ya kwana, in tambaye shi sukari cokali nawa.

Bagobirin ya dawo bayan babbar salla. Ya rame kaɗan. Ya wanke hannu a butata, ya zauna a wurinsa, na zuba masa shayi ba madara. Na tambaye shi mutanen gida, ya ce suna lahiya, Inna tana gaishe ni. Ya ce an nuna masa kabarin. Bai sake kawo mini hanta ba, bai kuma canja mai shayi ba, har shekarar da aka tashe mu daga bakin layin dogo kowa ya kama gabansa.